Abin da Za Ku Faɗa a Bakin Kabari: Jawabi Ga Ɗaliban Littafi Mai Tsarki Ranar Yaye Su a Sakkwato

 

Da shugaban makaranta ya ji a kan mutuwa zan yi magana, sai da ya dube ni sau biyu. Ranar farin ciki ce, ga sababbin ɗinkuna, ga tukwane a kan wuta. Na roƙe shi ya yi mini haƙuri. Dalilina shi ne, 'ya'yana, kafin yawancinku ku ɗaura aure ko ɗaya, za ku binne mutum. Cikin dare za a ƙwanƙwasa muku ƙofa, kuma babu malamin da zai tsaya kusa ya raɗa muku abin faɗa.

Ni nawa ya same ni a bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasar Hausa. Yarinya ce 'yar shekara shida, da safe tana wasa, kafin kwana biyu wuya ya sanƙare. Na isa gidan riƙe da Littafi, kaina cike da karatu, na yi ta jero ayoyi kusan rabin awa. Uwar tana zaune a tabarma, ta ƙura wa takalman yarinyar ido, wasu 'yan silifas ja da ke bakin ƙofa. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Wani tsoho Musulmi, maƙwabcinsu, shi ya ari diga ya taya mu haƙa, don ƙasar ta yi tauri kamar dutse. Da muka dawo ya tsuguna daga nesa ya ce, “Yaya haƙuri?” Ya yi shiru, ya zauna har la'asar. Bayan shekaru, duk lokacin da matar nan ta tuna ranar, zaman tsohon take ambata. Wa'azina bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Saboda haka in kun shiga gidan makoki, ku fara da zama. A bakin kabarin Li'azaru a Betanya, Ubangiji da kansa hawaye suka zubo masa, alhali ya san nan da ɗan lokaci zai kira mutumin ya fito. Manzo Bulus kuma, da ya rubuta wa Tasalonikawa game da 'yan'uwansu da suka rasu, bai hana su baƙin ciki ba. Irin baƙin cikin da babu bege a cikinsa, shi ya hana. Kada in ji ɗayanku ya tsawata wa gwauruwa don tana kuka, wai rashin bangaskiya ne.

To mene ne wannan bege? A bakin Bahaushe bege na nufin kewar wanda kake ƙauna, ka yi ta ambatonsa. Waɗanda suka fassara mana Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932 bayan wahalar su Likita Walter Miller na Wusasa, sun bar mana kalmar a bakin ikilisiya, kuma ni ina ganin ta dace. Muna kewar wanda muka tabbata zai dawo. Gindin maganar shi ne Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku, kuma waɗanda suke nasa za su tashi kamar yadda ya tashi. Bulus ya kwatanta wa Korintiyawa da iri. Ku da kuka tashi a gona kun san wannan fiye da ni: manomi yakan ɗebi geron da iyalinsa za su iya ci, ya zuba a busasshiyar ƙasa, ya rufe da diddige, ya koma gida hankali kwance.

Wannan gari ya daɗe da jin addu'ar binne Kirista. A ranar 13 ga Afrilu, 1827, Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya rasu a nan Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da izinin Sarki aka ɗora gawar a raƙumi zuwa wani ƙauye a bayan gari, yaronsa Richard Lander ya buɗe littafin addu'a ya karanta shi kaɗai, babu mai cewa amin. Nakan tuna saurayin nan duk lokacin da aka kira ni jana'izar baƙo, soja ko ɗan kasuwa da ba shi da kowa a nan. Samari uku kuma da suka iso Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu, biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, ba su wuce 1894 ba. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan aikin da ya fara da kaburbura biyu aka sami asibitin kutare na Amanawa, nan kusa da mu.

Yanzu ga wurin da maganar take da wuya, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Zabura ta fari ta raba mutane gida biyu. Mai adalci kamar itace ne a bakin ruwa, mugu kuwa ƙaiƙayi. Wanda ya bi ta Kwalkwalawa a watan Afrilu ya ga hoton da idonsa: ko'ina ya ƙone ƙurmus, amma fadamar Rima tana kore shar. Wanda ya ga mata suna sheƙa kuma ya san inda ƙaiƙayi ke zuwa. Sai dai akwai fastocin da suka mayar da wannan ciniki, wai ka yi adalci ka ga kuɗi da tsawon rai, wanda masifa ta faɗa wa kuwa akwai abin da ya ɓoye. Abokan Ayuba ke nan, kuma a ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa.

Ku je ku faɗi haka ga dangin waɗanda 'yan bindiga suka harbe a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Me suka yi? Cefane suka je. Ubangiji ya riga ya amsa wannan tambaya da ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu: ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba, masu sauraro ya ce su tuba. Ku tuna Michael Nnadi, ɗan shekara 18, mai koyon aikin fada daga dayosis ɗin Katolika na Sakkwato. A watan Janairun 2020 aka sace su su huɗu daga makarantar Good Shepherd a Kaduna. Uku suka dawo, shi aka kashe. Wanda aka kama daga baya ya shaida wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi musu wa'azi su bar mugunta ba. Bishop Matthew Hassan Kukah ne ya yi wa'azin jana'izarsa. Yaron yana ƙasa, da yawa daga masu irin wannan sana'a kuwa har gobe suna daji suna ƙirga kuɗin fansa.

Asaf, mai Zabura ta 73, ya ga irin wannan har ya kusa zamewa, don mugaye sun yi ƙiba, ba su da ciwon kai. Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya shiga Haikali ya hango ƙarshensu. Mukan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Haka ne, amma ba kullum yake cim masa a wannan gefen kabari ba, kuma kada ku yi wa mutane alkawarin cewa za su gani da idonsu. Akwai ranar shari'a, mai shari'ar kuwa ba ya karɓar goro.

Tunda shari'ar tasa ce, abu biyu sun fita daga hannunku. Ba ku da ikon wanke mamaci don ya gina wa majami'a katanga. Za a kawo muku gawar mai kuɗi wanda kowa a wurin ya san ya danne gonar marayu, a sa muku ambulan a aljihu, a jira ku shigar da shi sama da bakinku. Ku yi wa iyalinsa ta'aziyya da zuciya ɗaya, ku yi wa masu rai wa'azi, shi ku bar shi da Mahaliccinsa. Ba ku kuma da ikon jefa kowa wuta. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Ubangiji, duk wanda ya tsaya a wurin ya riga ya yanke masa hukunci, shi kuwa da alkawarin Firdausi ya cika.

Haka nan ramuwa. Dukanmu muna garin nan a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe 'yar'uwarmu Deborah Samuel, muka kwana cikin dokar hana fita. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, shugabannin ikilisiya suka ce a kwantar da hankali. Ranaku irin waɗannan matasa kan zuba wa fasto ido, jini na tafasa, kalma ɗaya suke jira. Ku nemi adalci a gaban hukuma da babbar murya, wannan haƙƙinku ne. Amma bakin kabari ba wurin wasa wuƙa ba ne, kuma tsohon da ya taya ni haƙa a 1996 yana da jikoki a unguwannin nan.

Iyayenmu mata, ku da kuke wankan gawa da dafa abincin makoki tun kafin a haifi waɗannan yara, na damƙa muku su. In sun tsawaita wa'azi a rana, ku yi musu gyaran murya.

Shugaba, na ci lokaci, a gafarce ni. Ga takardun shaida can a kan tebur, iska na neman ɗauke su. A fara kiran sunaye.