Jawabi A Kan Biyan Kuɗin Atamfa Tun Ba Ta Iso Ba

Maganarmu yau a kan atamfar Holan ce, irin wadda Vlisco ke buga kaɗan sa'an nan a daina. Dillali ya kan ce mu ba da kuɗi yanzu, kaya sai bayan wata uku, wai in ta ƙare za ta yi tsada.

To, wannan ciniki shi malamai ke kira salam. Ya halatta, amma Risala ta sa sharaɗi: a san siffar kaya, a san lokacin kawowa, kuɗi kuma a biya nan take ko cikin kwana uku. Saboda haka mu rubuta lambar zanen, da launi, da yawan turmi, gaban shaidu biyu. Wanda kunya ta hana shi rubutu, in aka kawo masa wani launi, kada ya zo wa Liman da ƙara.

Riba kuwa ba wanda ya lamunce mana ita. A farkon 2025 dala ta kai sidi 15, kafin Yuni ta sauko kusa da 10. Wanda ya biya da tsohon farashi, kayansa ya iso Kejetia ya tarar da mai araha, hasarar tasa ce, ba ta dillali ba.

In kaya ya zo, mu duba bakin zanen kafin mu karɓa, gama jabu ya yi yawa. Wasalam.