Sauya Maganin Kitsen Jini Domin Rage Kuɗi: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu



Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne maganar kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol. Kitsen nan in ya yi yawa yakan taru cikin jijiyoyi ya toshe su, har ya jawo ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ciwon kai, saboda haka da aljihu ya yi wuya, maganinsa ake fara bari. Tun da darajar naira ta faɗi cikin 2023, magungunan waje suka yi tsada ƙwarai.

Magungunan da aka fi bayarwa dangi ɗaya ne, ana ce da su statin. Kwali yakan zo da suna biyu, na kamfani da manyan haruffa, na ainihin maganin kuwa a ƙarƙashinsa. Lipitor shi ne atorvastatin, Zocor shi ne simvastatin, Crestor kuma rosuvastatin. Kamfanin da ya ƙago magani, doka takan ba shi wa'adi shi kaɗai ke yinsa. Wa'adin Lipitor ya ƙare a Amurka cikin 2011, a Ingila cikin 2012, wasu kamfanoni suka shiga yi, kuɗinsa ya karye. Wanda ya bar Lipitor mai miligiram 20 ya koma atorvastatin mai miligiram 20, kwali kawai ya sauya, muddin akwai lambar NAFDAC a jikinsa.

Barin wani statin a koma wani kuwa, magana ce dabam. Ba laifi ba ne. Hukumar lafiya ta Ingila ma, wajen 2006, ta ƙarfafa wa likitocinta su mai da mutane daga atorvastatin zuwa simvastatin domin araharsa. Amma fa likita ne ya yi, ba mai kanti ba. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne: rosuvastatin miligiram 5 ya yi kusa da atorvastatin 10, ko simvastatin 20. Wanda ya taɓa ciwon zuciya yana bukatar mai ƙarfi, simvastatin kuwa ba ya kai can.

Ga wani abin lura, tun da yake dattawanmu da yawa suna shan amlodipine domin hawan jini. Cikin 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta ce mai shan amlodipine kada ya wuce miligiram 20 na simvastatin, domin haɗinsu yana iya ɓata tsokar jiki. Simvastatin kuma da dare ake sha. Wanda ya ji ciwon tsoka mai tsanani, ko ya ga fitsarinsa ya yi kamar shayi, ya tafi asibiti ran nan.

Ranku ya daɗe, roƙona a sanar da dagatai da masu unguwa cewa wanda magani ya fi ƙarfin aljihunsa ya gaya wa likita a fili, kada ya yi shiru ya daina sha. Ku kuwa malamai, in an kawo muku kwali ku karanta, ku rubuta wa mai shi ƙaramin sunan da adadin miligiram a takarda, ku tuna masa ya koma a gwada jininsa tsakanin wata ɗaya da wata uku bayan sauyin.