Maganin Ƙwayoyin Cuta da Lafiyar Hanjin Yaranmu



A Ƙofar Marke da kewayenta, sau da yawa iyaye kan nemi shawarar malami kafin su isa gaban likita. Ya zama wajibi ke nan mu san abin da za mu faɗa musu game da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik.

Tun daga 1928, lokacin da Alexander Fleming ya gano fenisilin, irin wannan magani ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Sai dai ba ya tantance masoyi da maƙiyi. A hanjin ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ke taimaka wa narkewar abinci, su kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Idan magani ya rage su, gudawa takan biyo baya. Nan ne uwa kan tsorata ta ajiye maganin, cutar ta dawo, yaro ya ƙara mako bai leƙo aji ba.

Bincike ya nuna cewa shan ƙwayoyi masu amfani, da ake kira furobayotik, yana rage aukuwar wannan gudawa. Akwai na kantin magani, akwai kuma danginsu a ƙwaryar kindirmo, domin su ne ke tsamama madara ta zama nono.

Amma akwai ƙa'ida. Na farko, a bar tazarar aƙalla awa 2 tsakanin magani da nono. Tetirasaikilin da sifurofulokzasin suna haɗewa da sinadarin kalsiyam na madara, jiki ya kasa tsotse su. Wanda ya kora su da fura da nono ya rage musu ƙarfi. Na biyu, nonon ya kasance daga madarar da aka tafasa, a mazubi mai tsabta. Jarirai da masu raunin garkuwar jiki kuwa, sai da iznin likita. Na uku, nono ba ya maye gurbin magani. Idan gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da zink. Idan da jini ko zazzaɓi, a garzaya asibiti.

Mu kuma ja kunnen iyaye kan sayen kafso a hannun masu talla. Antibayotik ba ya warkar da mura, kuma shan sa barkatai ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da iyalanmu.