Rabi, sannan rabin rabi

 Yau hirarmu a kan maganin rigakahin masassarar cizon sauro ne, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 da damina. Hukumar lahiya ta duniya ta yarda da shi a 2012, Nijar ta soma rabonsa a 2013.

Uwaye da yawa suna tambaya: yaro ya sha a watan Yuli, don me za a koma masa a Agusta?

Ku ɗauko alli, mu yi lissahi. Magani ba ya zama cikin jini. Jiki yana rage shi, yana hita ta hitsari. Amma ba daidai wa daida yake hita kullum ba. Ku duba tulu mai huda a gindi: in ya cika, ruwa na zuba da ƙarhi, in ya yi ƙasa, sai ɗigo.

Ɗaya daga cikin magungunan sunansa sulfadoksin. Rabinsa yana ƙarewa cikin kamar kwana 7, watau daga ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa. Wannan lokaci shi masana ke kira rabin rayuwar magani.

Mu kwatanta shi da tiya 16 ta hatsi. Bayan mako 1, saura 8. Bayan mako 2, saura 4. Wani zai ce ai mako 2 ya kamata ya ƙare ƙaƙaf. A'a. Rabin abin da ya rage ne ke tahiya, ba rabin na farko ba. Mako 3, saura 2. Mako 4, saura 1.

Tiya 1 daga 16! Wannan ba ta isa ta tsare yaro ba, ga sauro kuwa ya yi yawa a Agusta da Satumba. Shi ya sa ma'aikatan lahiya ke komowa kowane wata.

Ranar farko su ne ke ba yaro. Ƙwayar rana ta 2 da ta 3, uwa, a hannunki suke. Kada ki ajiye su don ƙanensa, ko don wata rana. In jikin yaro ya yi zahi, a kai shi likita a gwada jini, ko da ya sha.

Aikin gida: ku rubuta 32 a allo, ku yi ta raba shi biyu. Mako nawa kahin ya koma 1?