Ganɗoki ya dawo gida



Matasan Makoɗa da kewaye na son littattafan yaƙi, na sarakuna da sadaukai da aljanu. Za ka ga waya ɗaya a tsakiyar majalisa bayan an taso daga gona, ana sauraron karatun, kowa ya yi tsit. Abin da ke damuna shi ne marubutanmu sun kulle daulolin da ke cikin waɗannan littattafai a zamanin takobi, sun hana su tsufa.

Malam Bello Kagara bai yi haka ba. A littafinsa Ganɗoki na 1934, jarumin ya yaƙi Turawa, ya shiga duniyar aljanu, ya dawo ya tarar da ƙasa ta sauya hannu. A nan labarin ya yi nauyi.

Mu ma muna da abin rubutawa. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulki daga hannun masarautu. A 2019 aka sa Makoɗa ƙarƙashin masarautar Bichi, a 2024 aka soke dokar da ta kafa masarautar. Duk da haka, in rikicin iyakar gona ya tashi, ko shanu suka shiga gero, ƙofar mai unguwa da dagaci ake fara zuwa.

To, a rubuta mana jikan sarkin yaƙi yana neman kansila. A nuna mana waziri a zaman rabon takin zamani, da talakan da yanzu yake riƙe da ƙuri'a, yana tambayar buhu nawa aka kawo garinsu.