Kayanka Na Gida, Kai Kana Kontagora: Jawabin Ma'ajin Ƙungiya A Taron Shekara



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamai, iyaye mata da ke zaune can baya, da sauran 'yan uwa baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa. An ba ni minti kaɗan in yi magana a kan abin da kowa ke kauce wa, wato sanin kimar abin da mutum ya mallaka, musamman wanda ya bari a gida.

Mafi yawanmu nan neman abinci ya kawo mu, ko ya kawo iyayenmu, daga Katsina, Sakkwato, Kano, Zariya har da Maraɗi. Garin ma da kansa haka ya fara, domin Umaru Nagwamatse daga gidan sarautar Sakkwato ya taso ya kafa shi a 1864. To amma ɗan ci-rani ko da ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, ƙafarsa ɗaya tana can. Wani ya bar shanu a hannun makiyayi. Wata ta bar sarƙa da 'yan kunne a adakar uwarta. Wani littattafan mahaifinsa ne, da takobi da sirdi, suna ɗakin wansa. In ka tambaye shi nawa za su yi, sai ya ce Allah ne masani. Gaskiya ne, amma ai kai ma an umarce ka ka sani.

Bari in fara da gwamnati, don ita ce mutane suka fi tsoro. Dattawa za su tuna zamanin haraji da jangali, lokacin da ake ƙirga kan mutum da kan saniya, har Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979. Harajin yau kuɗin shiga yake bi, kuma inda kake zaune nan kake biya. Mu ke nan Jihar Neja ce ke da hakki a kanmu, ko da asalinmu Daura ne. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ba ta ɗora komai a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Ajiye gwal a adaka ba ya jawo haraji. Sai ranar da ka sayar ka ci riba ake magana, kuma ko a nan an yafe kayan amfanin kai da ba su wuce naira miliyan 5 ba. Sai dai riba ba ta fitowa sai an san nawa ka saya. Saboda haka hajiya, rasiɗin nan na Makka ko Dubai, kada a naɗe ƙosai da shi.

Wadda ta fi damuna ita ce zakka, domin ita babu jami'in da zai biyo ka gida.

Nisabin zinariya dinari 20 ne, wajen giram 85 ke nan. Na azurfa dirhami 200, wajen giram 595. In shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya bisa arba'in. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda aka karantar da mu a zaure, kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu. Amma wanda aka saya don ajiya, a ce ko ta-kwana, ko wanda ya kakkarye har sai an narkar da shi kafin ya gyaru, wannan dukiya ce, zakka ta hau kansa. Ku faɗa mini, sarƙar da ta yi shekara goma a Funtuwa mai ita tana Kontagora, ado ake yi da ita ko ajiya ce? Kowa ya je ya tambayi malaminsa, ya kuma faɗa masa gaskiyar niyyarsa.

Wajen kimantawa kuwa nauyi ake dubawa, ba kyan ƙira ba, ba kuma kuɗin da aka saya ba. A kai wa maƙerin fari ya ɗora a sikeli, a cire duwatsu. Sa'an nan a duba lambar da ke jiki. Gwal mai lamba 18 kashi 75 cikin 100 ne zinariya, mai lamba 21 kuwa kashi 87 da rabi. Wato sarƙa mai giram 100 'yar lamba 18, zinariyar cikinta giram 75 ce, ita kaɗai ba ta kai nisabi ba. Amma kada a yi saurin murna, ana haɗa ta da azurfa da kuɗin hannu da na banki. Tsohuwar dalar azurfar nan ta kakanninmu mai hoton mace, wadda aka rubuta wa 1780, kowace ɗaya wajen giram 28 ce, azurfar cikinta ta ɗan haura giram 23. Guda 26 sun cika nisabi. Akwai gidajen da ke da fiye da haka a cikin kwalla, ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

Kuma farashin ranar da shekararka ta cika shi ne abin lura. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 komai ya sauya, ga shi a watan Oktoba na 2025 zinariya ta haura dala 4,000 kowane oza a kasuwar duniya. Mai lissafi da farashin lokacin aurensa, cin hakkin miskinai yake yi ko bai sani ba.

Shanu nasu daban, ƙirga ake yi. In sun kai 30 a ba da ɗan maraƙi mai shekara biyu, in sun kai 40 a ba da karsana mai shekara uku. Tumaki da awaki daga 40 ake farawa, a ba da guda. Abin da mazauna irinmu ke mantawa shi ne, zakkar dabba da ta hatsi inda suke nan ake raba ta. Shanunka na Dutsin-Ma, talakawan can ke da hakki. Ta kuɗi kuwa tana bin inda kake, saboda haka maƙwabcinka na nan ya riga ɗan garinku, sai fa in na can sun fi shiga matsi.

Littattafai, takobi, sirdi, tasoshi da kwanukan jere, waɗannan babu zakka a kansu muddin ba na sayarwa ba ne. Duk da haka a rubuta su. Mu da ke zama sulhu a ƙungiyar nan mun ga yadda ake yi in mai kaya ya rasu. 'Ya'yan da aka haifa a Kontagora su je gida neman kayan ubansu, baffa ya ce ai tun tuni ya ba ni kyauta, babu takarda babu shaida. Zumuncin shekara arba'in ya mutu a kan sirdi ɗaya.

Sakatare ya buga takarda mai gida huɗu: sunan kaya, nauyi ko adadi, wurin da suke, da sunan wanda ke riƙe da su. Kowa ya karɓi biyu a bakin ƙofa. Ɗaya ta zauna a hannunka, ɗaya ka tafi da ita gida da Sallah, mai riƙon kayan ya sa hannu gaban shaidu biyu. Iyaye mata da ba sa son a ga nasu, shugabar mata za ta kai muku har gida.

Wassalamu alaikum.