Jawabi Ga Iyaye: Yadda Ake Rage Wa Yaro Zafi A Gun Likitan Haƙori



Sau da yawa tsoron zafi ne yake hana iyaye kai yaro asibiti, har haƙorin da ciko kaɗai zai wadatar ya kai ga cira. Turamen dindindin na fari suna tsirowa ne wajen shekara 6, kuma in an cire su ba su da madadi. A bakin waɗansu yara sukan fito da ɓawo mara ƙwari, ruwan sanyi ko iska kaɗai sai su tayar da zogi, gama ƙarƙashin ɓawon akwai ƙananan kafofi da ke kaiwa ga jijiya.

To, ilmin likita ya daɗe da samo magani. Tun 1844 aka cire haƙori da iskar nan mai sa dariya a Amurka, a 1943 kuma aka haɗa maganin lidoken a ƙasar Suwidin, wanda har yau ake yin allurar kashe zafi da shi. Likita yakan fara shafa magani a dasashi don wurin ya mutu, sa'an nan ya tura allurar sannu a hankali. Haƙori mai raunin ɓawo yakan yi gardamar mutuwa, saboda haka in yaro ya ce yana jin zafi, a gaskata shi, a roƙi likita ya dakata. Akwai kuma hanyar ciko da kayan hannu ba da injin ba, wadda aka soma a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980.

Sauran aiki na iyaye ne. Kada a riƙa tsorata yaro da allura a gida. A gaya wa likita in yana da sikila, ko ciwon zuciya, ko wani magani ya taɓa ɓata masa jiki. Wanda bai ji Turanci ko harshen gari ba, ya tafi da tafinta. Bayan aiki leɓe yakan mutu na 'yan sa'o'i, sai a tsare yaro kada ya tauna shi. A ba shi farasitamol gwargwadon yadda likita ya tsara, amma ban da asfirin, ko sha ko ɗorawa a kan haƙori.

Mazauna Ikko da Badun, asibitocin koyarwa na Idi-Araba da na Jami'ar Badun suna da sashen haƙoran yara. A kai yaro tun ciwo bai hana shi barci ba.

Allah Ya raya mana zuriya.